Sandar da ta Koma Aljihu

Sau da yawa sunan da jama'a suka laƙaba wa ma'aikacin hukuma yakan tona abin da idonsu ya fara gani a jikinsa. Kalmar jandarma da muka ara daga Faransanci, asalinta tana nufin mutanen da ke ɗauke da makami. Bahaushe kuwa da ya ga ma'aikacin Bature cikin kaki, bai damu da hularsa ko takalminsa ba, abin da ke hannunsa ya duba, ya ce masa ɗan sanda. Sunan ya zauna daram, daga Kano har Damagaram, daga zangon Kumasi har Garwa, duk da cewa yawancin waɗanda ke tsayar da motocinmu a hanya yau bindiga ce rataye a kafaɗarsu.

A ƙasashe da dama kuma, ko ka ƙare wa ɗan sanda kallo daga sama har ƙasa ba za ka ga sandar ba. Tana nan, ta dai shige wani ɗan kube a ɗamararsa. Guntun ƙarfe ne da bai fi santimita 20 ba. Da ya zaro shi ya wurga hannu sau ɗaya, sai ka ji ƙwas, ya miƙe ya zama sanda mai tsawon fiye da rabin mita. Bututu uku ne, ƙarami cikin matsakaici, matsakaici cikin babba, daidai da eriyar tsohuwar rediyo. Zan kira shi kulki mai naɗewa, ko da yake in za a bi gaskiya haɗiye kansa yake yi.

Masu ƙera shi suna tallarsa a matsayin makamin zamani, mai sauƙin ɗauka, wanda ba ya tayar wa jama'a da hankali. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Amma in mai karatu ya biyo ni muka bi sawun sandar nan shekaru kusan 200, zai ga wani abu yana ta maimaita kansa: duk lokacin da sandar ɗan sanda ta yi baƙin jini, abin da hukuma ke gaggawar sakewa shi ne siffarta.

Labarin ya faro daga Ingila. Ranar 16 ga Agusta 1819, mutane kimanin 60,000 suka taru a birnin Manchesta suna neman a gyara tsarin zaɓe. Mahukuntan garin suka sakar musu mahaya dawaki da takubba tsirara. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, abin kuma ya zame wa gwamnati tabon da ya ƙi gogewa. Saboda haka da ministan cikin gida Robert Peel ya zo kafa ƴan sandan Landan a 1829, babban aikinsa shi ne shawo kan mutanen da ke ganin duk wata rundunar gwamnati a kan titi soja ce ta sake kaya. Sojan Ingila ja yake sakawa, sai Peel ya sa wa mutanensa shuɗi. Ya ba su doguwar hula irin ta farar hula, da kwat mai jela a baya. Bai ba ɗan sintiri bindiga ba, ya ba shi wani abin kaɗawa na katako mai ƙara domin kiran agaji, da kulki na itace. Wurin ajiye kulkin shi ne abin lura: wani dogon aljihu ne a cikin jelar kwat ɗin, inda mai wucewa ba zai gani ba.

Ke nan tun ranar farko an san sandar tana da fuska biyu. Ana son ta kasance kusa da hannu, ba a son ta kasance kusa da ido. Ita ce kuma shaidar iko, domin da yawa daga kulakan wancan zamani akan zana musu kambin sarauta da haruffan sunan sarki ko sarauniya, ɗan sanda ya nuna wa mutum ita kamar yadda ake nuna katin shaida a yau. Mu da muka san abin da sandar girma take nufi a hannun sarki, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Ɓoyon bai daɗe ba. A watan Mayun 1833 ƴan sandan suka far wa wani taron ma'aikata a filin Coldbath da ke Landan da kulake, maza da mata, har waɗanda suka faɗi ƙasa. A cikin hargitsin aka soke wani ɗan sanda mai suna Robert Culley, ya mutu. Mutanen gari da aka ɗora wa binciken mutuwarsa suka yanke cewa kisan ya halatta, saboda irin rashin imanin da ƴan sandan suka nuna. Babbar kotu ta soke wannan hukunci daga baya, amma jama'a sun riga sun faɗi abin da ke ransu, shekara huɗu kacal da kafa rundunar.

A ƙasashen da Turawa suka mallaka babu wanda ya wahalar da kansa da ɗinka aljihu a jelar kwat. A nan so ake a gani, a ji tsoro. Rundunar da John Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda yawancinta Hausawa ne, da bindiga ta fara, kuma irinta aka kai Gwal Kwas, Ghana ta yau. A Indiya makamin shi ne lathi, doguwar gora da wani lokaci ake sa wa ƙarfe a baki. Da ita aka doki Lala Lajpat Rai, ɗaya daga jagororin neman ƴancin kai, a wata zanga-zanga a Lahore ranar 30 ga Oktoba 1928, ya rasu ranar 17 ga Nuwamba. A Afirka ta Kudu kuwa sjambok ce, ƴar'uwar dorinarmu, wadda ƴan sandan mulkin wariya suka yi ta zane baƙar fata da ita har 1989, lokacin da hotunanta suka ishi gwamnati kunya ta hana amfani da ita. A arewacin Najeriya ƴan dokan En'e sun gaji dogarai da kulki a hannu, a ɓangaren Faransa kuma tsofaffinmu sun fi tuna bulalar masu karɓar haraji da tara mutane aikin tilas. Wannan babi ne mai tsawo da ya cancanci nasa rubutun. Abin da nake so a riƙe kawai shi ne, girman sandar da ke hannun ɗan sanda, da yadda ake baje ta ko ɓoye ta, yana nuna matsayin da hukuma ta ba waɗanda take mulka.

Shi kansa kulki mai naɗewa ba a hannun hukuma ya fara suna ba. A Jamus ta shekarun 1920 da 1930 akwai wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa da ke shigewa cikin marikinta, mai dunƙulen ƙarfe a baki. Makamin ƴan bangar siyasa ce, ciki har da na jam'iyyar Nazi, saboda tana shiga aljihu ko hannun riga, ba a sanin mutum na ɗauke da ita sai ta sauka a ka. Har yau dokar makamai ta Jamus ta haramta irin wannan mai lanƙwasar. Waɗanda suka fara mayar da dabarar kayan aikin hukuma sosai su ne Japanawa. Su dama suna da tsohuwar al'ada: ƴan sandan zamanin Edo suna riƙe da wani guntun ƙarfe mai ƙugiya a gefe da ake kira jitte, wanda ake tare takobi da shi, kuma shi ne alamar muƙaminsu. A shekarun 1960 ƴan sandan Japan suka fara ɗaukar sandar ƙarfe mai shigewa cikin juna, wadda suka sa wa suna tokushu keibo, ma'ana kulki na musamman.

Amma a Amurka ne kasuwarsa ta buɗe, kuma abin da ya buɗe ta mota ce. Ɗan sandan da ke sintiri da ƙafa ba ya jin nauyin doguwar sanda, hasali ma wasa yake da ita a hannu. Da aka kwashe ƴan sanda daga ƙafa aka zuba su a motoci, sai sandar ta zama kaya. Ba a iya zama a kujerar mota da sanda mai tsawon inci 24 ko 26 a ƙugu. Dole a cire ta a ajiye a gefe, in an tsaya a sake ɗauka. Kowa kuwa ya san halin ɗan Adam: ranar da aka fito da gudu, ranar ake mantawa da ita. Sai ɗan sanda ya tsinci kansa cikin kokawa ba shi da komai tsakanin dunƙulen hannu da bindiga, ko kuma ya kama duka da tocilan mai nauyi, wadda ta fasa kawunan mutane ba adadi. Wannan matsala ce ta gaske, kuma duk mai adalci zai yarda cewa makamin da ke tsakanin hannu da harsashi yana iya ceton rai.

Kafin mai naɗewa ya samu shiga, wani ne ya yi tashe. A farkon shekarun 1970 wani ɗan sandan jihar New Hampshire mai suna Lon Anderson ya ɗauko siffar tonfa, makamin mutanen tsibirin Okinawa da ake cewa daga marikin dutsen niƙa ya samo asali, kamfanin Monadnock ya ƙera shi da sunan PR-24. Sanda ce mai ɗan mariƙi a gefe, in an kama marikin sai jikinta ya kwanta a kan damtse ya zama garkuwa. An tallata ta a matsayin makamin kare kai, wanda ya fi tsohon kulki wayewa. Rundunoni da yawa suka karɓa, har da ta Los Angeles.

Daren 3 ga Maris 1991 ya rusa wannan talla. Wani mazaunin unguwa ya ɗauki bidiyon ƴan sandan Los Angeles sun kewaye wani baƙar fata mai suna Rodney King yana ƙasa, suna narka masa wannan sanda fiye da sau 50. Babu wanda ya yi garkuwa da ita a bidiyon, hannu biyu aka kama ta ana sara kamar ana faskare. Da kotu ta wanke ƴan sandan ranar 29 ga Afrilu 1992, birnin ya kama da wuta kwana shida, sama da mutum 50 suka mutu, aka yi asarar dukiya ta kusan dala biliyan ɗaya. A 1993 kotun tarayya ta ɗaure biyu daga cikinsu wata 30 kowanne. Ita kuwa sandar mai mariƙi ba ta sake farfaɗowa ba. Duk inda aka gan ta rataye a ƙugu, King ake tunawa.

Faɗuwar wani tashin wani. Tun 1976 wani mai koyar da ƴan sanda, Kevin Parsons, ya kafa kamfanin ASP, mai mazauni a garin Appleton na jihar Wisconsin, kuma kulkinsa mai naɗewa ya riga ya fara shiga hannun jami'an da ke aiki cikin farin kaya. A shekarun 1990 sai rundunoni suka yi ta komawa gare shi, har sunan kamfanin ya zama sunan makamin, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Ana yin sa inci 16, 21 da 26. Na inci 21 na ƙarfe nauyinsa kusan rabin kilo ne. Ya warware matsalar mota, domin ana zama da shi a ɗamara. Ya kuma warware matsalar ido, domin mai kallo ba ya ganin komai sai ɗan kube baƙi kusa da ankwa. Bayan shekara 160 da ɗoriya, an dawo kan dabarar Peel, sai dai yanzu aljihun na roba ne ko fata, sandar kuma ta ƙarfe.

Yana da kyau a fahimci yadda abin yake aiki, domin a nan ne ribarsa da haɗarinsa suke. Kowane bututu yana da ɗan faɗi a gindi. Idan aka wurga hannu da ƙarfi, na ciki ya fito ya cije a bakin na waje, cizon nan kaɗai ke riƙe shi, babu wani makulli. Shi ya sa rufe shi sai an buga bakinsa a kan siminti ko wani abu mai tauri, kuma sau da yawa akan ga ɗan sanda bayan rikici ya durƙusa yana sassokar ƙasa. Daga baya aka fito da masu maɓalli a gindi, da ake rufewa da tafin hannu. Masu koyarwa suna yabon ƙarar buɗewarsa, suna cewa sau da yawa ita kaɗai kan sa mai taurin kai ya sassauta, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba.

Matsalar ita ce, nauyinsa yana wajen mariƙi, bakinsa kuma siriri ne. Tsohon kulkin katako yana da kauri da nauyi a gaba, dukansa ɗaya a cinya yakan zaunar da mutum. Wannan kuwa, tsofaffin ƴan sanda da dama sun yi ta ƙorafin cewa yana sa zafi amma ba ya tsayar da wanda ya fusata ko ya bugu. Idan dukan farko bai yi aiki ba, sai a ƙara na biyu da na uku, hannu kuma ya fara hawa sama yana neman inda zai fi jin jiki. Ga shi duk ƙarfin dukan yana taruwa ne a ɗan ƙaramin wuri. Wanda ya taɓa taka dutse ya kuma taka ƙusa ya san bambancin. Saboda haka ne makarantun horo suka raba jikin mutum launi uku: kore ga cinya, ƙwauri da damtse, rawaya ga gwiwa, gwiwar hannu da haƙarƙari, ja ga kai, wuya, ƙashin baya da ƙoda. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ita ma hannaye da ƙafafu ta ce a nufa. A kan takarda abin tsaf yake. Amma mutumin da ake duka ba hoto ba ne a bango, yana juyawa, yana sunkuyawa, yana faɗuwa.

Ingila ta gane haka da wuri. Ta riƙe ɗan gajeren kulkinta na katako har tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Michael Howard yake ministan cikin gida aka amince da sababbin sanduna samfurin Amurka, dogaye da masu naɗewa, bayan ƴan sanda sun daɗe suna kukan ana raunata su. A watan Mayun 1995 aka doki wani baƙar fata mai suna Brian Douglas a ka da ɗaya daga sababbin dogayen sandunan a kudancin Landan. Ƙashin kansa ya tsage, ya mutu bayan kwana biyar. Ɗan sandan ya ce hannu ya nufa, sandar ce ta zame. Binciken da aka yi ya ce tsautsayi ne, ba a gurfanar da kowa ba. Wani abin lura, gwamnatin da ta raba wa jami'anta wannan makami ita ce ta hana sayar da shi ga farar hula: mai buɗewa da maɓalli tun 1988, mai cizon bututu kuma a 2004. Jamus ma tun 2008 ta hana yawo da shi a bainar jama'a. Hukuma ta san abin da ta rataya a ƙugun ma'aikacinta. A wasu wuraren kuwa kwaikwayonsa mai araha yana nan ana tallarsa a intanet ga masu gadi da duk wanda ya ga dama, ba horo, ba zanen launi uku.

Inda siririn bakin nan ya nuna abin da zai iya yi ƙarara shi ne Faransa. Ranar 2 ga Fabrairu 2017, ƴan sanda huɗu suka tsayar da wasu matasa domin binciken takardu a Aulnay-sous-Bois, wata unguwar talakawa a bayan birnin Faris. Cikinsu akwai Théodore Luhaka, da aka fi sani da Théo, ɗan shekara 22, ɗan asalin Kwango, mai burin zama ɗan ƙwallo. Gardama ta kaure, aka matse shi a jikin bango. Ɗaya daga ƴan sandan ya soke shi daga baya da bakin kulki mai naɗewa. Ƙarfen ya shiga duburarsa ya yi masa yanka mai tsawon santimita 10, ya lalata jijiyar da ke riƙe bayan gida. Kyamarar tsaro ta ɗauki abin da ya faru. Unguwanni suka yi dare da dare suna tarzoma, shugaban ƙasa François Hollande ya je asibiti ya duba shi. Kulkin katako mai kauri zai iya karya ƙashi, amma irin wannan rauni sai siririn ƙarfe.

Da farko an tuhumi ɗan sandan da fyaɗe, daga baya aka mayar da tuhumar ta zama duka da gangan. Shari'ar ba ta zo gaban kotu ba sai Janairun 2024, kusan shekara bakwai, a garin Bobigny. Likitoci sun shaida cewa raunin Théo ba mai warkewa ba ne. Shi kuwa ɗan sandan ya tsaya a kan cewa saman cinya ya nufa, kuma sukar da ya yi irin wadda aka koya masa ce a makarantar horo. Ranar 19 ga Janairu kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin wata 12 na jeka-ka-gyara-halinka, tare da hana shi aiki a kan titi da riƙe makami na shekara biyar. Abokan aikinsa biyu da suka doki Théo bayan an sa masa ankwa suka samu wata uku-uku, su ma na jeka-ka-gyara-halinka. Babu wanda ya kwana a kurkuku cikinsu a kan wannan hukunci, kuma kulkin yana nan cikin kayan aikin da ake raba wa ƴan sandan Faransa.